Mutuwa suka sa wa ƙungiyarsu, yayansu kuma ya ƙi a canza

Sana'ata gyaran amfilifaya da lasifika ce, a wani ɗan shago a Jos, yau shekara ashirin da 'yan kai. Duk mai irin aikina ya san idan ka gama liƙe wayoyi ka ɗaure murfi, sai ka gwada da kiɗa kafin mai kaya ya iso. Ni da tsofaffin waƙoƙin kalangu nake gwaji, don kunnena ya haddace yadda ya kamata su fito. Ranar wata Asabar ina shirin yin haka, sai ɗan marigayi yayana, wanda ke karatu a jami'a yana zuwa taya ni aiki ƙarshen mako, ya ce, "Baffa, bari yau a gwada da nawa."

Ya jona wayarsa. Abin da ya fito ya sa na kai hannu da sauri zan rage murya, don na ɗauka takardar lasifikar ce ta yage. Jita ce ke kururuwa, ganguna na bin ta a guje kamar an koro su, wani kuma yana zubo kalmomi ba ya ko tsayawa shan iska.

"Ba lasifikar ba ce, Baffa. Haka kiɗan yake."

Na ce, "Turawan ina ne waɗannan?"

Ya ce, "Ba Turawa ba ne. Baƙaƙen fata ne 'yan Amurka, su uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma tun 1975 aka ɗauki wannan."

Na tambayi sunansu. Ya ce Death. Wato Mutuwa. Na ce a'uzu billahi, wane irin suna ne wannan? Ya yi dariya ya ce ai abin da kowa ya faɗa musu ke nan, kuma shi ne duk labarin. Tun daga ranar nake bin labarin nan, na karanta abin da na samu, na kalli fim ɗin tarihin da aka yi a kansu a 2012 har sau uku. Ni ba masoyin wannan kiɗa ba ne tun asali. Amma labarin ya kama ni a inda ban zata ba, shi ya sa nake rubuta shi.

Sunan gidansu Hackney. David ne babba a cikin ukun, shi ke kaɗa jita. Dannis ke bi masa, shi ne mai ganguna. Bobby ne ƙarami, yana riƙe da jitar bas, mai kaurin amo, kuma shi ke rera waƙa. A gabashin birnin Detroit suka tashi, garin da ake ƙera motocin Ford da General Motors da Chrysler, inda baƙaƙen fata suka yi ta kwarara daga kudancin Amurka don neman aikin masana'anta. Garin ne kuma mahaifar kamfanin Motown, wanda Berry Gordy ya kafa a 1959 ya cika duniya da waƙoƙin soyayya masu taushi. Yaro baƙar fata da ya tashi a Detroit a wancan zamani, idan ya ce zai yi kiɗa, kowa ya san irin wanda ake nufi.

Mahaifinsu fasto ne na cocin Baptist, kuma ma'aikacin lantarki. A watan Fabrairun 1964 ya zaunar da yaran gaban talabijin ya ce su kalli wasu samari huɗu daga Ingila, The Beatles, da ke wasa a shirin Ed Sullivan. Washegari David ya tsinci wata jita da aka yar a lungu, ya ɗauko ya fara koya wa kansa. Wannan uban ne kuma ya dasa musu magana ɗaya da za ta bi su har tsufa: ko me ake ciki, ka tsaya bayan ɗan'uwanka. Bai daɗe tare da su ba. Wata rana wani abokin aikinsa ya ji rauni, ya ɗauke shi a mota yana garzayawa da shi asibiti, sai wani direba da ya sha ya yi tatul ya yi karo da su. Nan take ya cika.

Mahaifiyarsu ce ta saya musu kayan kiɗa, da kuɗin diyyar da aka biya ta bayan wani hatsarin mota. Ta ba su ɗaki a saman bene, ta kuma kafa doka: daga ƙarfe uku na yamma zuwa shida ku yi duk hayaniyar da kuke so, da shida ta buga a kashe komai. Ina son wannan uwa. Ba ta ce ta gane abin da suke yi ba, amma ta ba su sa'a uku kowace rana, ta kuma shanye ƙorafin maƙwabta.

Da fonk, wani kiɗan rawa na baƙaƙen fatar Amurka, suka fara a 1971, suna kiran kansu Rock Fire Funk Express. Sai suka je suka ga fararen makaɗan rok, The Who da Alice Cooper, suna wasa, David ya dawo gida ya ce daga yau rok za su yi. Ya duƙufa yana nazarin hannun shahararren baƙar fatar nan mai jita, Jimi Hendrix, da na Pete Townshend, mai jitar The Who, ƙannensa kuma suka bi shi. Unguwa ta yi musu caa. Ana ce musu me ya kai su kiɗan yaran Turawa, ga nasu na gida? Abin da ke ba ni haushi a wannan magana shi ne, rok ɗin nan baƙaƙen fata ne suka haife shi. Sister Rosetta Tharpe tana kaɗa jitar lantarki tun kafin a san Elvis. Chuck Berry da Little Richard su suka shata hanyar da Beatles suka bi, Hendrix kuwa ba a maganarsa. Cikin shekara ashirin kacal kasuwa ta raba kiɗa gida biyu, wannan na farare wannan na baƙaƙe, har ta kai ana yi wa jikokin masu abu gori don sun taɓa kayan kakanninsu.

Ga kuma halin da garin ke ciki. A watan Yulin 1967 an yi tarzomar da ta ci rai 43 a Detroit, masu hali suka yi ta ƙaura zuwa bayan gari. A 1972 Motown ta tattara ta koma Los Angeles. Ana kwasar samari zuwa yaƙin Biyetnam, a 1974 kuma shugaba Nixon ya sauka daga mulki cikin abin kunya. Duk wannan yana cikin kiɗan ɗakin saman benen nan. Waƙar da yaron ya sa mini a shago, wadda ake kira "Politicians in My Eyes", kan 'yan siyasa take, masu murmushi a talabijin suna tura 'ya'yan talakawa su mutu. Ba na jin duk kalmomin saboda sauri, amma fushin ba ya bukatar tafinta.

Yanzu ga maganar suna.

David ne ya zo da shi. Ya tara ƙannensa ya ce ya samo wa ƙungiya sunan da ya dace, da ya faɗa kuwa jikinsu ya yi sanyi. Amma shi ba don ya tsorata mutane ya zaɓe shi ba, ba kuma don tsafi ko shaiɗanci ba, kamar yadda na fara zato. Rasuwar mahaifinsu ce ba ta bar zuciyarsa ba. Ɗan fasto ne, ya yi imani cewa mutuwa ƙofa ce ake bi a wuce, ba bango ba ce da ake karo da shi a tsaya. Yana so ya ɗauki kalmar da kowa ke gudu ya juya ta, ta zama abin da za a iya kallo ido da ido.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Mu Hausawa ma ba ma son kiran ta da sunanta. Mukan ce wane ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya, ya kwanta dama, Allah ya yi masa cikawa. Akuya ce ke mutuwa kai tsaye a bakinmu, mutum sai an lulluɓe masa. Matar da ke wabi takan sa wa jaririnta Ajuji ko Barmani, ko mutuwa ta kau da kai ta bar mata wannan. Saboda haka na san abin da mai kamfani ya ji da aka ajiye masa faifai an rubuta Mutuwa a jiki. Da ni ne ko a shagona ba zan rataya shi ba. Amma kuma mu ɗin ne aka hore mu da yawaita tuna ta, mu ne ke raka gawa mu tsaya bakin kabari a ce mana ga gidanmu na gobe. Abin da David ke nufi bai yi nisa da wannan ba, ko da yake addininmu ba ɗaya ba ne. Matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai da aka ɗauke masa uba farat ɗaya, yana neman inda zai ajiye abin.

Yadda suka sami kamfanin da zai ɗauki kiɗansu ma irin na David ne. Ya manna shafin littafin lambobin wayar kamfanoni a bango, ya ja baya ya jefa 'yar kibiyar wasa. Ta sauka kan Groovesville, kamfanin Don Davis, mutumin da ya yi suna wajen shirya wa mawaƙa irin su Johnnie Taylor faifai. Aka saurare su, aka ɗauke su. A farkon 1975 suka shiga situdiyon United Sound da ke Detroit, wani injiniya mai suna Jim Vitti ya zauna bayan na'ura. Waƙa goma sha biyu suka yi niyya. Bakwai suka samu suka gama.

A matsayina na mai taɓa waya da fitilar gwaji, aikin injiniyan nan ya burge ni. Irin wannan kiɗa mai ƙara, abu ne mai sauƙi ya cakuɗe ya zama kunu. Amma a nan kana jin kowa a mazauninsa: bas ɗin Bobby a ƙasa tana tafiya, kugen Dannis a sama yana tartsatsi, jitar David a tsakiya da kaushinta ba a goge mata shi ba. Mutum uku ne kawai, ba mai fakewa bayan wani. Sa'a uku kullum na shekaru a ɗakin uwarsu, ga inda ta fito.

Don Davis ya yi ta yawo da tef ɗin yana neman babban kamfani da zai saya. Duk inda aka kai, amsar ɗaya ce: kiɗan ya yi, sunan ne matsala. Kamar yadda Bobby da Dannis suka sha ba da labari, har Clive Davis, shugaban kamfanin Arista a lokacin kuma ɗaya daga cikin manyan masu faɗa a ji a harkar, ya nuna sha'awa, da sharaɗin a canza suna. Ka tuna yaran nan ba su da komai. Wannan ita ce ƙofar da dubban mawaƙa ke mafarkin a buɗe musu ko sau ɗaya a rayuwa.

David ya ce a'a. Ya kafe kai da fata.

Ƙannensa ba su ɓoye ba, sun ce da su kaɗai ne da sun canza tun kafin a rufe baki. An yi cacar baki a gida. Amma da aka zo gaban baƙi, bayan yayansu suka tsaya, don maganar ubansu. Groovesville ta sallame su, suka karɓo tef ɗinsu. A 1976 suka haɗa 'yan kuɗinsu suka buga ƙaramin faifai mai waƙa biyu, kwafi 500 kacal, da sunan wani ɗan kamfani nasu na kansu, Tryangle. Suka bi gidajen rediyon Detroit suna rabawa. Zamanin disko ne, kusan ba wanda ya kula su.

A shekarar nan dai, cikin Afrilu, Ramones suka fitar da faifansu na farko a New York. A Nuwamba Sex Pistols suka fitar da waƙarsu ta farko a Landan. Aka raɗa wa abin suna pank: rok mai gudu, mai ƙara, ba kwalliya, kiɗan matasan da suka gaji da ƙaryar manya. Yanzu za ka ji ana cewa Death ne suka fara pank. Ni ban cika son wannan magana ba. Ramones suna wasa a kulob ɗin CBGB tun 1974, a Michigan ɗin kanta kuma, jihar da Detroit take, ƙungiyoyin MC5 da The Stooges sun riga kowa tada irin wannan ƙura. Death ba su koya wa kowa ba, tunda ba wanda ya ji su. Abin mamakin a wurina shi ne su ma ba wanda ya koya musu. Suna ɗaki ɗaya a unguwar da ke musu dariya, ba su san ana wani yunƙuri a New York ko Landan ba, suka iso wuri ɗaya da mutanen can, har ma da gwanintar hannu da ta fi ta da yawa daga cikinsu.

A 1977 suka bar Detroit suka koma Burlington a jihar Vermont, can arewa kusa da Kanada, ƙaramin gari mai sanyi da kusan duk farare ne. David ya bi gari yana manna takardun talla da sunan ƙungiya. 'Yan sanda suka zo, sun ɗauka wata ƙungiyar 'yan daba ce ta shigo gari. Nan ne ya sare. Suka koma The 4th Movement, suna rok na bishara, suka fitar da faifai biyu a 1980 da 1982, su ma ba su je ko'ina ba.

Wannan wurin ne ya fi yi mini ciwo a duk labarin. Sunan da ya ƙi sayarwa lokacin da ake tayawa da daraja, ƙarshe ya sauke shi a kyauta, a garin da ba wanda ya san shi, don gajiya kawai.

A 1982 David ya koma Detroit. Bobby da Dannis suka zauna a Vermont, suka yi iyali, suka kafa ƙungiyar rege mai suna Lambsbread wadda ta riƙe su shekaru masu yawa. Ba a yi wata sanarwar rabuwa ba, ba a kai juna kotu ba kamar yadda aka saba ji a wasu ƙungiyoyi. Wa ya tafi gida, ƙanne suka tsaya neman abinci, shi ke nan. David ya ci gaba da rubuta waƙa, amma giya ta kama shi, ga taba. A shekarar 2000 ya zo Vermont wani bikin iyali, duk ya rame. Ya miƙa wa Bobby tef-tef ɗin asali na 1975 ya ce ya adana, wata rana duniya za ta zo neman su, shi kuwa ba zai ga ranar ba. Bobby ya ɗauka irin maganganun yayansa ne da ya saba ji. A watan Oktoba na shekarar David ya rasu da kansar huhu, yana da shekara 48. Bobby ya kai tef ɗin can saman silin gidansa ya ajiye.

Na san abin da zafi da laima ke yi wa tef. Ina ganin kaset ɗin da mutane ke kawo mini, maganin jikinsa ya zube kamar garin barkono, ko ya manne da juna ba ya warwaruwa. Tef ɗin da ya yi shekara 25 a hannun mutumin da rayuwarsa ta dagule, ya ƙara takwas a saman sili, ya kuma fito da muryarsa garau, wannan rabo ne kawai.

Kwafi 500 ɗin nan kuwa ashe ba su mutu ba. Ɗaya-ɗaya suka riƙa faɗawa hannun masu tara tsofaffin faifai, suna mamakin su wane ne waɗannan, har aka kai ana sayen kwafi guda da ɗaruruwan daloli. Wani ya ɗora waƙoƙin biyu a intanet. A 2008 Julian, ɗaya daga cikin 'ya'yan Bobby, yana San Francisco, ya ji waƙar da ake yayi a wajen wasu matasa. Daga jin muryar ya gane ta. Babansa ne.

Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Yaran Bobby uku, Bobby ƙarami da Julian da Urian, sun tashi suna son pank, suna kaɗa shi. Sun san babansu da baffansu Dannis 'yan rege ne. Ba su taɓa sanin cewa kiɗan da suke ganin nasu ne na zamani, ubansu ya yi shi tun ba a haife su ba. Bai taɓa zaunar da su ya sa musu ba. Da suka kira shi a waya suna tambayar don me ya ɓoye, abin da zai iya cewa kaɗan ne. A wurinsa Death ba abin alfahari ba ne a lokacin. Tarin ƙofofi ne da aka rufe musu a fuska, da yayan da ya ƙare a kwalba. Wa ke son buɗe wannan a gaban 'ya'yansa?

Yaran ne suka fara tada ƙungiyar, ba iyayen ba. Suka haɗu suka koyi waƙoƙin bakwai, suka sa wa kansu Rough Francis, sunan da baffansu David ya yi amfani da shi a faifansa na ƙarshe, suka hau dandamali a Vermont iyayensu na cikin 'yan kallo. Ta hannun wani mai tara faifai aka haɗa iyalin da kamfanin Drag City na Chicago. Aka sauko da tef daga sili. A watan Fabrairun 2009, shekara 34 bayan ɗauka, faifan ya fito da suna "...For the Whole World to See", wato don duniya duka ta gani. Waƙa bakwai, bai kai rabin sa'a ba. A jikinsa an rubuta Death, ba a taɓa ko harafi ɗaya ba. Wata guda bayan haka jaridar New York Times ta yi dogon rubutu a kansu, daga nan wayar gidan Bobby ba ta sake hutawa ba.

Sai aka fara kiran su su zo su yi wasa. Sun yi jinkiri, kuma na ga dalilinsu. Ƙungiyar David ce, sunansa ne, taurin kansa ne. Ta yaya za a yi Death ba shi? Daga baya suka ɗauko Bobbie Duncan, mai jitar da suke aiki tare a Lambsbread, ya zauna ya koyi hannun David. A watan Satumban 2009 suka hau dandamali da tsohon sunan. Suka fitar da sauran tsofaffin abubuwan da aka ɗauka a 2011 da 2014, sannan a 2015 suka yi sabon faifai, suka zaga garuruwa da ƙasashen da ba su taɓa mafarkin zuwa ba, suna da furfura.

Ƙungiyoyin pank da yawa sun watse sun dawo. Sex Pistols sun tarwatse a Janairun 1978, suka sake haɗuwa a 1996, kuma ba su ɓoye cewa kuɗi ne ya dawo da su ba, har sunan rangadin ma abin da yake nufi ke nan. Ban ga laifinsu ba, kowa da cikinsa. Amma dawowar Death wani abu ne daban. Ba su da tsofaffin masoya da za su tatsa, don ba su taɓa yin masoya ba. Ƙanne biyu ne suka fito sauke amanar da wansu ya bar musu.

Mutane na son su rufe labarin da cewa ai ga shi David ya yi gaskiya. Ni na kasa faɗin haka da sauƙi. Ina da iyali, na san abin da ake nufi da a ce ga abinci ka ƙi karɓa saboda kalma ɗaya. Da ni ne Bobby a 1975, da na roƙi yayana har da hawaye. Wataƙila da sun canza sunan da David ya ga amfanin hannunsa yana raye, wataƙila da bai nutse a giya ba. Wataƙila kuma da kamfanin ya goge musu kaushin nan ya mai da su abin da ba su ba, su ɓace cikin dubu. Abin da na tabbata da shi shi ne wanda ya biya kuɗin ba shi ya ci kayan ba. Kuma duk da haka, duk lokacin da na kalli hoton faifan na ga sunan nan a rubuce yadda ya so, sai in ji ƙirjina ya cika. Ƙannensa ma da suka yi fushi da shi shekara da shekaru, a fim ɗin ba sa iya ambatonsa ba tare da murya ta karye ba.

Na ce labarin ya kama ni a inda ban zata ba. Ga wurin.

Yayana, mahaifin yaron nan, ya kaɗa jitar bas. A tsakiyar shekarun 1980 yana cikin wata 'yar ƙungiya da ke wasa a otal-otal a nan Jos daren Asabar, rege da haylaif. Ina ƙarami, ni ke ɗaukar masa waya da lasifika, a nan ma na fara sha'awar sana'ar da nake ci yau. Da maganar ta kai gida, aka ce a zuriyarmu ba maroƙi, ya zaɓa ko jita ko albarka. Ya zaɓi albarka. Ya sayar da jitar ya kama tuƙin babbar mota, bai sake ɗaga maganar ba har ciwo ya ɗauke shi, yaron na da shekara huɗu. Kaset ɗaya ya rage, mai minti sittin, wanda suka ɗauka wajen gwaji da ƙaramar rakoda. Ya ba ni ya ce in riƙe. Ban taɓa gaya wa ɗansa ba. A gida an san shi da direba mai yawan shiru da salla a kan lokaci, ni kuma na bar shi a haka, ina ganin rufin asiri nake yi masa.

Makonni uku bayan ranar da aka sa mini Death a shago, na buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona na ɗauko kaset ɗin. Tef ɗin ya tsinke kusa da farko, ɗan soson da ke danna shi kuma ya faɗi. Na kwance sukurori biyar ɗin, na yanke bakin da ya tauye da reza, na haɗa da ɗigon jan farce kamar yadda muke yi a da, na yanko sabon soso na manna. Na zura biro na juya a hankali har ƙarshe na dawo da shi, don ya saki jikinsa. Rakodar shagon ma sai da na canza mata bel.

Da ya zo ranar Asabar na ce ya rufe ƙofa ya zauna. Na danna. Aka fara jin shuuu na tsohon tef, wani ya yi tari, wani ya ƙirga, sai kiɗa ya tashi, can nesa kamar daga cikin rijiya.

Ya ce, "Su wane ne, Baffa?"

Na ce, "Bar ta mai waƙar. Saurari ƙasa, wannan mai kaurin da ke tafiya a hankali. Babanka ne."

Bai ce komai ba. Ya matso da kujera har gwiwarsa na taɓa lasifikar, ya ɗora tafin hannu a kan ragar, inda bas ke sa ta rawa. Muka zauna haka har waƙar ta ƙare. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Baffa, mayar da ita baya."